Maruru: kada a matse, kada a tsaga

In bazara ta kama, zafi ya yi tsanani, maruru yakan yawaita cikin gidaje, musamman ga yara. Wasu na cewa shan mangwaro ke kawo shi. Ba haka ba ne, lokacinsu ne ya zo ɗaya: mangwaro na nuna, zufa na zuba.

Abin da ke kawo maruru wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, masu aikin likita na kiran ta sitafilokok. Tana zaune bisa fata da cikin hanci. Wajen mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita, kuma lafiyarsa lau. Sai ta samu ƙofa take ɓarna. Ƙofar kuwa ita ce gindin gashi, ko inda aka sosa ƙurajen zafi, ko kaushin aska. Shi ya sa maruru ya fi fitowa a hamata, wuya, cinya da ɗuwawu, inda zufa ke taruwa.

Aikin farko mai sauƙi ne. A tafasa ruwa, a bari ya huce yadda hannu zai iya jurewa. A jiƙa tsumma mai tsabta, a ɗora bisa marurun minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a yini. Ɗumin nan yana rage zogi, yana sa marurun ya nuna ya fashe da kansa. In ya fashe, a wanke da ruwa da sabuni, a rufe da wani tsumma mai tsabta, a wanke hannu. Tsumman da ya taɓa mugunya, a tafasa shi. Kada wani ya yi wanka da soson mai maruru.

Gaggawa ita ce ke ɓata aiki. Matsewa tana tura mugunya cikin nama, wani lokaci har cikin jini. Maruru na hanci ko na leɓen sama ya fi haɗari, domin hanyoyin jinin wurin suna haɗe da na cikin kai. Kada a kai ma wanzami ya tsaga. Kada a shafa toka, ƙasa ko kashin shanu, suna iya jawo tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki. Kafson ƴan tebur kuma da ake buɗewa a barbaɗa, asarar kuɗi ce kawai.

A tafi likita ba tare da jinkiri ba in maruru ya fito a fuska, ko ga jinjiri, ko ya zo da zazzaɓi, ko kumburin yana yaɗuwa, ko ya kusa girman ƙwan kaza. Haka nan in ya yi sati 2 bai warke ba. Can ne ake tsagawa da ƙarfen da aka tsabtace, a ba da magani in akwai bukata.

Wanda maruru ke yawan koma masa, musamman in yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari, ya nemi a auna masa jini, domin ciwon sukari yakan fara nuna kansa ta haka.