Ciyawar tsakar gida na mutuwa wuri-wuri: a gano dalili kafin a sayi magani

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Maraɗi, Birnin Ƙonni, Damagaram ko Gaya zai ga cewa ƴan kasuwa da dama da Allah ya hore wa gina gida sun shuka ciyawa a tsakar gidajensu, wadda ake kira gazon. Galibi ƙiri-ƙiri ce, saboda tana jure rana da takawa. Sai dai kukan da muke yawan ji shi ne, maigida zai tafi fatauci Kano ko Agadas na mako biyu, ya dawo ya tarar da ciyawar ta bushe nan da can kamar kan yaro mai kora. Abin da ya fara zuwa masa shi ne ya shiga kasuwa ya sayi maganin feshi. A nan ne kuɗi ke salwanta, domin sau da yawa babu cuta babu ƙwaro a wurin.

Shawararmu ta farko ita ce a durƙusa a dubi wurin da kyau, domin kowane dalili yana da alamarsa.

Idan tsakiyar wurin ya ƙone, amma gefensa ya yi kore shar fiye da sauran ciyawar, to fitsarin dabba ne. Ana yawan ganin haka a gidajen da ake ɗaure ragon layya a kan ciyawa. Takin uriya ma yana ƙona ta idan aka zuba da yawa wuri guda, saboda kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin naitirojin ne. Maganin duka biyun ruwa ne: a kwarara shi da yawa na kwana uku ko huɗu don ya wanke ƙasar, a kuma sauya wa ragon turke.

Idan wurin yana kusa da inda ake wanki, ko inda ake ajiye babur da injin wuta, a shinshina ƙasar. Ruwan sabulu mai yawa, fetur da baƙin mai duk suna kashe saiwa. Ƙasar da ta sha mai ba ta gyaruwa da ban ruwa, sai dai a kwashe ta zurfin taƙi guda a zuba sabuwa.

Idan kuma babu wari, a ɗauki doguwar ƙusa a soka. In ta ƙi shiga, ƙasar ta daskare, ko kuma akwai ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne, waɗanda ke hana saiwa nutsewa. A haƙa a fitar da su, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen takin gargajiya. A ɗaga kai kuma a dubi sama: ƙiri-ƙiri ba ta son inuwa, shi ya sa take sirancewa a gindin dogon yaro da mangwaro. Sassabe rassa ne zai taimake ta.

Sai bayan an kawar da waɗannan ne za a nemi ƙwari. A kama ciyawar a ja. Idan ta taso kamar tabarma babu saiwa, a tona, za a ga fararen tsutsotsi masu lanƙwasa irin gwazarma, waɗanda sukan shigo ta takin da bai gama ruɓewa ba. Idan akwai rufin ƙasa a jikin karan ciyawar, gara ce, ita kuwa ta fi afka wa ciyawar da ƙishirwa ta riga ta raunana. Idan ganyen ne aka cinye, a zuba cokali biyu na sabulun ruwa cikin lita 4 na ruwa, a kwarara a bakin wurin, a jira minti 10. Tsutsotsin da ke ɓoye za su fito fili. Cikinsu har da tsutsar masara da aka fara gani a Afirka ta Yamma a shekarar 2016, wadda ke cin ciyawa kamar yadda take cin masara da dawa.

Akwai kuma ruɓewar da ke zuwa da damina, inda ake ganin da'ira mai ruwan ƙasa tana faɗaɗa. Yawan laima ne ke kawo ta, musamman ga masu ban ruwa da yamma, ciyawa ta kwana a jiƙe. Ban ruwa da asuba ya fi, kuma gara a ba ta ta ƙoshi sau biyu ko uku a mako da a riƙa yayyafa mata kullum. A lokacin sanyi lita 25 a mako kan ishi murabba'in mita guda, amma a zafin Afrilu da Mayu tana buƙatar fiye da haka. Wajen yanka kuwa, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda.

A nan muna da magana da ƴan uwanmu masu sayar da magungunan gona a kasuwannin kan iyaka. Mai saye yakan zo ya ce "a ba ni maganin ciyawa", yana nufin wanda zai warkar da ita, a miƙa masa gilifosat, wanda aikinsa kashe ciyawa ne har saiwa. Ko ragowarsa a cikin famfon feshi da ba a wanke ba ya isa ya yi ɓarna. Ya kamata mai kanti ya tambayi abin da aka gani kafin ya miƙa kwalba, ya kuma duba ko tana ɗauke da lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, da ke ƙarƙashin ƙungiyar CILSS. A wannan tsakar gida ne yara ke rarrafe, kaji ke kiwo, don haka maganin da aka juye cikin gorar ruwa ba tare da takarda ba bai kamata ya shiga can ba.

Da zarar an kawar da dalilin, gyaran ba shi da tsada. A kankare busasshiyar ciyawar, a sassauta ƙasar, a yanko ƴan jijiyoyi daga inda take da lafiya a dasa da tazarar taƙi guda, a riƙa ba su ruwa kullum har su kama. Idan aka yi haka a farkon damina, cikin ƴan makonni wurin zai rufe. Allah ya sa albarka a gidajenmu da kasuwanninmu.