Uwar Mai Amosanin Jini Da Nauyin Da Ta Ke Ɗauka

Duk wanda ya shiga babban asibiti a Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, ko Katsina, ran da a ke duba yara masu amosanin jini, zai lura da abu guda. Galibin waɗanda ke zaune bisa benci suna jiran kira mata ne. Wata ta goyo ɗaya ta riƙo ɗaya, wata ta taso daga ƙauye tun assalatu, katin asibiti na ƙulle a gefen zanenta. Waɗannan mata su ne abin maganarmu yau, domin nauyin da su ke ɗauka ya fi yadda jama'a ke zato, laifin da a ke ɗora musu kuwa ba nasu ba ne.

MENE NE AMOSANIN JINI?

A cikin jinin ɗan Adam akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Aikinsu ɗaukar iskar da mu ke shaƙa daga huhu su rarraba wa jiki. A jikin mai lafiya kewayayyu ne masu taushi, kowace takan yi kamar kwana 120 tana aiki. A jikin mai amosanin jini kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma daga kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Toshewar nan ita ke kawo azabar ciwon ƙashi. Mutuwarsu da wuri ita ke kawo ƙarancin jini, da idanu su yi ɗorawa kamar na mai shawara.

Likitan da ya fara bayyana siffar ƙwayoyin nan a rubuce shi ne James Herrick na birnin Shikago a Amurka, cikin 1910, bayan da aka duba jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada. Daga sunan lauje da Turanci aka sami kalmar sikila da mutane ke faɗi yanzu. Amma ciwon ya daɗe a ƙasashenmu tun kafin Bature ya sa masa suna. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu shi a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2006 cewa a kan haifi jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa ba tare da ya yi ciwo ba.

GADO NE DAGA ƁANGARE BIYU

To, a nan ne mu ke so malamai da akawuna su natsu, domin lissafi ne. Kowane mutum yana gadon iri biyu na jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Likitoci suna kiran lafiyayyen iri A, mai lanƙwashewa kuma S. Wanda ya gaji A da A lafiya lau ya ke. Wanda ya gaji A da S, shi ma lafiya ya ke, yana noma, yana aikin ofis, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da kome ba. Har Likita Anthony Allison ya nuna cikin 1954, a Afirka ta Gabas, cewa mai AS ya fi sauran mutane tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne dalilin yawan irin a ƙasashe masu sauro. Wanda ya gaji S da S shi ne mai amosanin jini.

Watau ke nan babu yaron da zai zo da SS sai uwa ta ba da S, uba ma ya ba da S. In miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kada kuma a ce in an haifi ɗaya mai ciwo, uku masu zuwa sun tsira. Kowane ciki ƙuri'arsa daban.

Yanzu ku dubi gidan mai mata biyu. Maigida AS ne, uwargida AS ce, amarya kuwa AA. 'Ya'yan amarya duk za su tashi garau, ɗakin uwargida kuwa kullum ana jinya. Me mutanen gida za su ce? Uwar miji takan ce, "Wannan ciwo ba na gidanmu ba ne, daga danginta ta kwaso." Wasu su ce maita ce, wasu su ce iska ce, wasu su zargi kishiya. Alhali kuwa rabin abin daga jinin ɗansu ya fito. Akwai matan da aka yi wa kishiya sabo da wannan, akwai waɗanda aka saka, suka koma gidan iyayensu da yaro marar lafiya a baya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tun da can Hausawa sun san matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya suna ƙanana, su kan ce tana wabi, har a sa wa jariri suna irin su Ajuji ko Ayashe don a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Ba duk wabi ne amosanin jini ba, amma babu shakka wani sashe nasa shi ne.

YADDA KWANAKINTA KE TAFIYA

Jariri mai SS yakan zo duniya kamar kowa, domin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi 'yan watanni. Daga wajen wata shida sai uwa ta ga bayan hannuwa da ƙafafu sun kumbura, yaro na tsala kuka in an taɓa shi. Daga ran nan zamanta ya sake. Takan koyi lura da sama kamar manomi. In hadari ya taso da damina, ko hunturu ya busa, gabanta ya faɗi, domin sanyi na tayar da ciwon. Da bazara kuma tana bin yaro da moɗa, domin ƙishirwa ma na tayar da shi. Takan koyi jan fatar ido ta duba ko jini ya yi ƙasa, ta shafa ciki ɓangaren hagu ta ji ko saifa ta kumbura.

Ran da ciwo ya tashi da tsakar dare, ita ke farkawa. In a gidan kulle ta ke, tilas ta jira izinin maigida, in ya yi tafiya ta aika wa ƙanensa. Sa'an nan a nemi abin hawa, a nemi kuɗin kati da na magani. In an ba su gado, ita ke shimfiɗa tabarma a ƙasa ta kwana bakwai ko goma. A gida kuwa tukunyar ƙosai ko ƙuli-ƙulin da ta ke sana'a ta huce, zubin adashi ya wuce ta, ranar girkinta ta faɗa wa wata, babbar 'yarta ta bar makaranta don renon ƙanne. Da kaɗan da kaɗan akuya ta tafi kasuwa, tasoshin jere su bi ta, daga baya 'yan kunne. In kuwa ɗan fari ne, alkunya ta hana ta ko kiran sunansa, balle ta yi kuka a gaban surukai. Sai ta haɗiye.

TAWAKKALI DA NEMAN MAGANI

Abin da ke riƙe da yawancin matan nan shi ne imani. Ku tambayi ma'aikatan jinya masu aikin dare, za su gaya muku sau nawa su ke iske uwa bisa sallaya a gefen gado, carbi a hannu, ido na kan robar ƙarin jini. Amma akwai masu sa mata shakka. Wani ya ce yawan zaryar asibiti rashin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Wata ta ce ai wani zunubi ta yi a ke kama ta da shi.

Duk wannan ba koyarwar Musulunci ba ce. Malamai sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mutane da neman magani, kuma ya hori Balaraben ƙauye ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, da yawan ilminsa da tsoron Allahnsa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani. Babban misali kuwa mace ce. Da ruwa ya ƙare wa Nana Hajara a kwarin Makka, jaririnta Annabi Isma'ila na kukan ƙishirwa, ta riga ta sakankance Allah ba zai tozarta su ba, amma duk da haka ta tashi ta yi ta kai da kawowa tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Har gobe duk alhaji, sarki ne ko talaka, sai ya bi sawun uwar nan kafin hajjinsa ya cika. Matar da ke kai da kawowa tsakanin gida da asibiti kan hanyar nan ta ke.

Addini ma ya sauƙaƙa mata. In likita amintacce ya ce azumi zai cuci yaron da ya balaga, Shari'a ta ba marar lafiya rangwame. In ruwan alwalar asuba ya yi sanyi da hunturu, babu laifi a ɗumama. Addu'a da tofi ba su hana allura, allura ba ta hana addu'a. Abin gudu shi ne a tsaya jiran rubutu ko jiƙo har yaro ya galabaita, ko a kai shi ga wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho, a zubar da jinin da da ma bai ishe shi ba.

ABIN DA ASIBITI KE IYAWA

An ƙiyasta cewa a ƙauyukan Afirka inda babu kulawa, rabin yaran nan ko fiye ba su kai shekara 5. A Ingila da Amurka kuwa fiye da 90 cikin 100 suna girma su zama manya. Yawancin abin da ya kawo bambancin ba mai tsada ba ne: a gane ciwon tun yaro na jariri, a cika masa alluran rigakafi, a ba shi fenisilin kullum har shekara 5 kamar yadda wani babban bincike na 1986 ya tabbatar da amfaninsa. A ƙasarmu a ƙara da gidan sauro, da maganin kariyar zazzaɓi, da ƙwayar folik asid, da shan ruwa da yawa. In jikinsa ya yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ya yi fari fat, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana.

Wajen ɗaya cikin goma na yaran nan kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 in ba a yi rigakafi ba. Akwai na'urar da a ke ɗora wa a gefen kai ta auna gudun jini, daga shekara 2 zuwa 16, ta nuna wanda ke cikin haɗari. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Amurka sun yi bincike, aka buga cikin 2022, wanda ya nuna ƙwayar haidiroksiyuriya tana taimakon irin waɗannan yara. Warkewa ɗungum kuwa sai da dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya cikin 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ko sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi cikin 2023, mai kuɗi fiye da dala miliyan 2. Sabo da haka duk wanda ya zo wa uwa da kwalba ya ce zai mai da SS ya koma AA, kuɗin akuyarta ya ke so.

INA NAMU AIKIN?

Malamin makaranta, in kana da irin yaron nan a ajinka, bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari ba tare da tsawa ba. Kada ka doke shi don fashin da ya yi yana kwance, kada ka tsai da shi fili da sanyin safiya, kada ka bari yara su mai da ciwonsa sunan tsokana. Ka taimake shi ya rama karatun da ya wuce shi, domin ciwon ba ya hana hazaƙa. A darasin kiwon lafiya kuma ka zana lissafin A da S a allo, yaran su kai gida.

Akawu, kai da ka iya karanta takardar likita, ka karanta wa maƙwabciyarka wadda ba ta iya ba. In asibiti na neman jini, ka miƙa hannunka. In kuwa a gidanka abin ya ke, je ka a gwada ka, sa'an nan ka zauna gaban mahaifiyarka cikin ladabi ka ce, "Inna, rabin ciwon nan daga gare ni ya ke." Wannan magana ɗaya za ta sauke wa matarka abin da ya fi kuɗin magani nauyi.

Ga masu shirin aure kuma, Jihar Kano ta kafa doka cikin 2024 ta tilasta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin wannan irin jini. Abin da ya fi kyau a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a asibiti amintacce, tun zukata ba su ɗauru ba. Kada kuma a mai da sakamakon abin gori. Mai AS in ya auri AA ba za su haifi SS ba, mai SS ma haka.

Ran 19 ga watan Yuni kowace shekara duniya ke tunawa da masu wannan ciwo, bisa shawarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar cikin 2008. Uwar yaro ba ta bukatar a tuna mata, mu ne masu mantuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa iyaye mata da alheri, ya ba maza ikon ɗaukar nasu rabon, amin.