Yadda Ake Ɗaura Kujerar Yaro a Bayan Keke



A hutun da ya wuce, Baba ya goya autarmu a kan kariyar kekensa za su je gaida Kaka. Shekarunta 3. Ba su yi nisa ba barci ya fara fizgarta, ƙafarta ta hagu ta zame ta shiga cikin wayoyin taya. Kafin Baba ya kama birki, fatar dunduniyarta ta saluɓe. Sai da ta yi mako 3 ba ta taka ƙasa da ƙafar ba. Umma ta ce ba za ta sake hawa keken nan ba sai an yi mata wurin zama na kirki. Shi ne Baba ya sayo kujerar yara a wurin 'yan gwanjo, muka kai wa mai gyaran keken unguwarmu, ni na riƙa miƙa masa sifana. Da yawa daga cikinmu muna kai ƙannenmu makaranta ko Islamiyya a keke, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya.

Me ya sa kariya kaɗai ba ta isa ba?

Don kaya aka yi kariya. Ba ta da majingina, ba ta da wurin sa ƙafa, kuma babu abin da zai riƙe yaro idan aka faɗa rami. Buhun masara ba ya barci, ba ya kuma wasa da ƙafa, amma yaro yana yin duka biyun. Kujerar yara tana da majingina, da bel na kafaɗa da ƙugu, da matakan ƙafa masu maɗauri, da kuma roba mai faɗi da take raba ƙafa da taya.

Kujerar iri biyu ce

Akwai wadda ake ɗorawa a kan kariya a matse ta da noti. Akwai kuma wadda ba ruwanta da kariya: ana kama wani maƙali a jikin bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, sai a zura sandunan ƙarfe biyu na kujerar a ciki har su kulle. Irin ta biyun tana ɗan lilo, don haka yaro ba ya jin girgizar hanya sosai. Tamu irin ta farko ce, kuma ita zan yi bayani a kai.

Abin da za a duba tun kafin a saya

Na farko, yaron kansa. Dole ya zama yana zama da kansa, wuyansa ya yi ƙwari. Jariri ɗan wata 5 ko 6 bayan uwarsa ne wurinsa. A jikin kujerarmu an rubuta EN 14344, wato ƙa'idar da ƙasashen Turai suka sa wa irin waɗannan kujeru, an kuma rubuta cewa tana ɗaukar yaro mai nauyin kilo 9 zuwa 22.

Na biyu, ƙarfin kariya. Wasu kariyoyin an buga nauyin da za su iya ɗauka a jikinsu. Tamu kilo 25 ce. A nan sai an yi ɗan lissafi, domin ita ma kujerar tana da nauyi. Mun ɗora ta a sikeli ta ba da kilo 4, ke nan yaron da za a ɗora kada ya wuce kilo 21. Autarmu kilo 13 ce, don haka babu matsala. Idan kariyar ta yi tsatsa, ko ta tsage, ko da waya aka ɗaure ta, a canza ta tukuna.

Na uku, kujerar. Tunda gwanjo ce, mun duba ko robar ta tsage, ko bel ɗin ya zaizaye, ko maɓallinsa ba ya kullewa. Araha ba ta ado idan bel ba ya kamawa.

Na huɗu, lafiyar keken. Birkin gaba da na baya su kasance suna ci, tayoyi da isasshiyar iska, kuma babu wayar taya da ta karye.

Matakan ɗaurawa

1. A tsayar da keken a wuri mai shafe, mutum ɗaya ya riƙe kansa. A tanadi sifana da sukundireba da abin awo.

2. A fara matse notocin da suka haɗa kariya da jikin keke. In tushe yana rawa, duk abin da aka ɗora a kai zai yi rawa.

3. A kwance maƙalin da ke ƙarƙashin kujerar, a ɗora ta a tsakiyar kariya, kada ta karkata dama ko hagu.

4. A daidaita ta gaba da baya. Wannan shi ne matakin da mai gyaran ya fi daɗewa a kai. A gefen kujerar akwai wata 'yar alama da ke nuna inda nauyin yaro yake taruwa. Ana so alamar ta kasance a saman tsakiyar tayar baya, inda babban noti yake, ko gaba kaɗan. In ma za ta koma baya, kada ta wuce santimita 10. Da na tambayi malaminmu na darasin fasaha dalili, sai ya ce in tuna da kurar mai ruwa. Idan aka tara jarkoki a gefe ɗaya, ɗaya gefen sai ya ɗaga. Haka keke yake: nauyi ya yi baya da yawa, tayar gaba ta yi sauƙi, kan keken ya riƙa rawa, musamman a hawan tudu. Amma kuma kada a matso da ita har gwiwar yaro ta riƙa dukan bayan matuƙi, ko dunduniyar matuƙi ta riƙa bugun matakan ƙafa idan yana taka feda.

5. A matse notoci da kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, har su kama daidai.

6. A ɗaura igiyar tsaron da ke haɗe da kujerar a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Ko da noti ya kwance a hanya, ita za ta hana kujerar faɗuwa.

7. A rufe sifirin ɗin sirdi. Kekunan iyayenmu irin su Phoenix da Raleigh suna da manyan sifirin a ƙarƙashin sirdi, daidai inda hannun yaro zai kai, kuma suna iya datse yatsa. Mu da tsohon tib muka naɗe namu.

8. A daidaita matakan ƙafa da tsawon ƙafar yaron, a tabbatar babu maɗauri ko bakin riga da ke lilo kusa da taya.

Gwaji

Da aka gama, mai gyaran ya kama kujerar da hannu biyu ya girgiza. Ya ce keken ne gaba ɗaya ya kamata ya motsa, in kujerar ta motsa ita kaɗai to aiki bai gama ba. Daga nan muka ɗaure jarkar ruwa mai lita 10 a ciki, Baba ya zaga fili sau uku. Sai bayan haka aka ɗora autarmu. An ja bel ɗin har ya zama yatsu biyu ne kawai ke shiga tsakaninsa da ƙirjinta.

Idan an hau hanya

Matuƙi ba zai ƙara wurga ƙafa ta baya ba wajen hawa, don zai shuri yaro a fuska. Sai dai ya ɗago ƙafar ta gaban sirdi. Birki kuma ba ya tsayar da keke mai nauyi nan take, saboda haka a rage gudu, a fara kama birki da wuri. A sa wa yaro takalmi da hular kwano daidai kansa. Kada a taɓa barin yaro a cikin kujera a tafi, ko da sayen abu ne a shago, domin motsi ɗaya zai yi keken ya kife da shi a ɗaure. Duk mako a sake bin notoci da sifana, tunda hanyoyinmu akwai gargada.

Yanzu autarmu ta warke, sai tabo. Kullum da safe ita ke fara zuwa ta tsaya kusa da keken tana jiran a ɗora ta. 'Yan uwa, rigakafi ya fi magani. Duk mai goyon ƙaninsa a kariya ya kai wannan magana gida, ya faɗa wa iyayensa cikin ladabi. Allah ya tsare mu da ƙannenmu, amin.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.