Kasuwa da Makamashi: Manufar Tinubu a Ma'aunin Karmo

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, manufar gwamnatin tarayya kan makamashi ta tsaya a kan ginshiƙi guda, wato a bar kasuwa ta yi halinta. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce muddin gwamnati ce ke yanke farashi ƙasa da abin da aka kashe wajen samar da kaya, babu mai jarin da zai gina matatar mai ko tashar lantarki, domin ya san ba zai mayar da kuɗinsa ba. Tallafi, wanda shi ne cikon da baitulmali ke biya tsakanin ainihin kuɗin mai da farashinsa a gidan mai, ya daɗe yana tafiya kan man da ake shigowa da shi daga waje, alhali matatun gwamnati na Fatakwal da Warri da Kaduna, masu ƙarfin tace ganga 445,000 a rana a rubuce, sun shafe shekaru a kwance.

Ba Tinubu ne ya fara share wannan hanya ba. A zamanin Obasanjo aka yi dokar 2005 da ta rarraba hukumar lantarki ta ƙasa, NEPA, a Nuwamban 2013 gwamnatin Jonathan ta miƙa kamfanonin samar da wuta da na rarraba ta ga 'yan kasuwa, sannan Buhari ya sa hannu a dokar masana'antar man fetur a Agustan 2021, wadda ta mayar da hukumar mai ta ƙasa, NNPC, kamfanin kasuwanci. Abin da ya bambanta Tinubu shi ne gaggawa, domin cikin makonni kaɗan ya cire tallafi, ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki, kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwar canji.

Karmo, wadda ke ƙaramar hukumar birnin Abuja, kusa da Gwagwa da rukunin masana'antu na Idu, wuri ne da ake iya auna wannan manufa a aikace, saboda akasarin mazaunanta leburori ne da ƙananan ma'aikata da masu sana'ar hannu waɗanda abincinsu na yau ya dogara da kuɗin mota da samuwar wuta. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja cikin kwanaki, ta kai 617 a Yulin 2023, ta kuma haura naira dubu a Oktoban 2024. Ƙarin bai tsaya a bakin gidan mai ba, ya bi mai keke da ɗan acaɓa, ya bi mai injin markaɗe da mai walda da ke tayar da janareta, har ya isa ga kurar ɗan ga-ruwa, tun da rijiyar burtsatse ma sai da mai take ba da ruwa idan an ɗauke wuta.

A ɓangaren fetur, dole a yarda cewa wani abu na alƙawarin ya cika. Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma a farkon 2025 ragin farashin da ta yi ya sa NNPC da dillalai suka bi sahu, lita ta sauko ƙasa da naira dubu. Dogayen layukan da Abuja ta saba da su sun ragu ƙwarai. Sai dai an fara gina matatar shekaru da dama kafin cire tallafi, don haka ba daidai ba ne a jingina ta gaba ɗaya ga sanarwar 2023, sannan kasuwar da matata ɗaya ta fi ƙarfin kowa a cikinta tana buƙatar hukuma mai sa ido da ba ta barci.

Labarin lantarki daban ne, kuma a nan ne hujjar kasuwa take rauni. Gasa tana aiki ne inda mai saye ke da zaɓi. Direban da ke Karmo yana iya wuce gidan mai guda ya sha a na gaba, amma mai shagon ɗinki ba shi da wata waya da ta shigo unguwarsa sai ta kamfanin AEDC, wanda ke rarraba wuta a Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar ta ɗaga kuɗin rukunin A, wato layukan da aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya. Tsarin yana da ma'ana a lissafin kamfani, amma yana ba shi dalilin karkata ɗan abin da ya samu zuwa inda ake biya da tsada, musamman da yake wutar da ke gudana a babban layin ƙasa ba ta cika wuce megawat dubu biyar ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Gidan da ba shi da mita kuma yana karɓar takardar kuɗin ƙiyasi, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu da kasuwanninsu na wuta, kuma Inugu da Ondo da Ekiti suna cikin waɗanda suka fara karɓa a 2024. Abuja ba ta da majalisar dokoki ta jiha, saboda haka Karmo tana nan ƙarƙashin NERC, kuma fatan ƙaruwar wuta a yankin ya rataya ne a kan manyan ayyuka irin su bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano ta Abuja da Kaduna, da tashar Gwagwalada da Tinubu ya aza harsashinta a Agustan 2023, wadda kashinta na farko megawat 350 ne. Abin lura shi ne duka biyun kamfanin NNPC ne ke jagorantarsu, wanda har yanzu mallakin gwamnati ne, yayin da jarin 'yan kasuwa da ya fi saurin isa lungunan Karmo shi ne faifan sola da batir, waɗanda akasari daga waje ake shigowa da su, farashinsu kuma yana bin dala.