Mai zubin tukunya da dattin da ido ba ya gani

Tukunyar da ake tuƙa tuwo da ita a Azagor, can ƙasar makiyaya ta Dakoro, yawanci aikin masu zubi ce, irin waɗanda ke Maradi da sauran manyan garuruwa. Kayan aikinsu tarkacen alminiyum ne: fistin na mota, kan inji da ya mutu, tsohuwar tukunya da ta huje. Mai zubi yakan danna yashi mai ɗan laima cikin akwatin katako, ya fitar da siffar tukunya, yaronsa na juya keken hura wuta har gawayi ya kai ƙarfen digiri 660, ya zama ruwa.

A nan ake gane gwani. Datti iri biyu ne cikin narkakken ƙarfe. Na farko yana tasowa sama ya yi toka-toka, a sa ludayin ƙarfe a yaɗe shi, kamar yadda mai girki ke kwashe kumfar nama. Wannan ko sabon shiga ya iya. Na biyu shi ne mugun: iskar haidirojin da ƙarfen ke sha daga laima, ko ta gawayi, ko ta tarkace mai maiƙo, ko ta damina. Tana narkewa ciki ba a ganinta. Sai ƙarfe ya fara daskarewa ta nemi hanyar fita, ta bar ƙananan ramuka a jikin tukunya. Matar da ta saya ita ce za ta ga ruwa na tsattsafowa kan murhu, a ƙasar da ruwan ma sai an ja shi daga rijiya mai zurfin gaske.

Manyan masana'antun baƙin ƙarfe ma wannan abokin gaba suke fama da shi, a zafin da ya kai wajen digiri 1,600. Cikin magungunansu akwai agon, iskar da aka gano a Birtaniya a 1894, wadda ba ta cika kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ba, kuma ba ta haɗuwa da komai. Ana hura ta daga gindin ƙatuwar tukunyar narkakken ƙarfe ta wani bulo mai ƙofofi. Kumfarta na hawa tana jan haidirojin da ɓarɓashin datti zuwa sama, inda haidirojin ke ficewa, kashin ƙarfe kuma ya riƙe dattin. Masu narka alminiyum na zamani ma haka suke yi.

Mai zubi na Maradi ba shi da kwalbar agon, don haka dabararsa rigakafi ce, kuma ina ganin girmansa a kanta. Zai gasa tarkace ya bushe kafin ya jefa. Ba zai bar wuta ta wuce kima ba, domin ƙarfe na ƙara zafi yana ƙara shan iska. Ba zai dama da ƙarfi ba, kuma in ya zo zubi sai ya zuba a natse, ba yankewa.

Abin da ke damuna dalma ce. Wani tarkacen inji na ɗauke da ita, kuma ludayi ba ya kwashe ta, agon ma ba ya fitar da ita. Tana zama cikin tukunya, miya mai tsami ta riƙa tsotso ta, yara su ci. Wurin tare ta ɗaya ne tak, lokacin da mai zubi ya tsuguna gaban tulin tarkace yana tsince abin da zai shiga wuta.