Aikin Jinya: Mu Bar 'Ya'yanmu Mata Su Koya

'Yan'uwana mata, kowaccenmu in ta je awo ko haihuwa, fatanta mace ta duba ta. To, ina za a samo macen in mun hana namu 'ya'yan koyo?

Aikin nas ba na raguwa ba ne. Sai yarinya ta gama sakandare, ta ci Turanci da lissafi da kimiyya, ta yi shekara 3 a makarantar koyon jinya, sa'an nan ta ci jarrabawar Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Bayan haka ga aikin dare, ga doguwar tsayuwa, ga wankin gyambo. Wata shekarar ma a asibiti za ta yi Sallah.

Amma ku dubi ladan. Ita ke lura jinin mai ciki ya hau, ta kira likita tun jijjiga ba ta kama ta ba. Ita ke gane naƙuda ta yi tsawo kafin ta jawo yoyon fitsari. Ga kuma albashin rufin asiri.

Iyaye da mazaje, kwanan asibiti ba yawon banza ba ne, ceton rai ne. Don Allah a bar su su koya.