BABI NA HUƊU: MATSAYIN NA'URA DA ƘARFIN ƊAN ADAM WAJEN TSINKAR 'YA'YAN ITATUWA A YANKIN BAKOLORI

4.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai auna hanyoyi uku na girbe amfanin itatuwa, wato na'ura mai sarrafa kanta, da ƙarfin ɗan Adam, da kuma kayan aikin hannu, domin gano wadda ta fi dacewa da manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun.

4.1 Hanyar Gargajiya

Kowane itace da yadda ake cin amfaninsa. Mangwaro akan hau shi ne ko a kaɗo shi da gora. Ɗorawa kuwa da ƙugiya ake fizgo ta, wato doguwar gora mai lanƙwasa a baki. Kaɗanya ba a tsinkar ta, mata ne ke tsintar wadda ta faɗo da farkon damina, su fitar da man kaɗe. Aibin wannan hanya guda biyu ne: haɗarin faɗowa daga bishiya, da ƙujewar 'ya'yan da suka bugi ƙasa, waɗanda kan ruɓe kafin su kai kasuwa.

4.2 Na'urorin Zamani

Na'urorin sun kasu gida biyu. Akwai mai kama gindin bishiya ta girgiza, kamar wadda ake girbe almon da ita a Kalifoniya ta Amurka. Wannan ta fi dacewa da 'ya'ya masu taurin ɓawo. Sai kuma mutum-mutumi mai kyamara da hannun ƙarfe, wanda ke gane ɗan itace ya tsinke shi. A shekarar 2019 jami'ar CQUniversity ta Ostareliya ta gwada irinsa a kan mangwaro. Sai dai kamfanin Abundant Robotics na Amurka, mai ƙera na tsinkar tuffa, ya rufe a 2021. Bugu da ƙari, irin wannan na'ura tana buƙatar gajerun itatuwa da aka dasa a jere, alhali itatuwan wannan yanki dogaye ne, kuma a warwatse suke cikin gonakin gero da dawa.

4.3 Darasin Bakolori

Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, da nufin shayar da kimanin hekta 23,000. An tsara kaso mafi girma a kan injinan feshin ruwa masu dogaro da lantarki. Da wuta da kayan gyara suka yi ƙaranci sai feshin ya tsaya, aka koma dogaro da magudanan da ruwa ke gangarawa da kansa. Haka kuma, wajen daidaita ƙasa an tumɓuke itatuwa masu amfani, kuma batun diyya na cikin abubuwan da suka haddasa rikicin 1980, inda 'yan sanda suka kashe manoma da dama. Wannan ya nuna cewa na'urar da maƙerin gari ba zai iya gyarawa ba, kwananta kaɗan ne.

4.4 Kwatanci

Ta fuskar ƙwadago, mangwaro da ɗorawa suna nuna ne da bazara, lokacin da ba a shiga aikin damina ba, saboda haka ba a rasa hannuwa. Su kuwa ƙasashen da ke neman mutum-mutumi, ƙarancin leburori da tsadarsu ne suka tilasta musu. Kawo shi nan zai toshe wa matasa da mata hanyar samun na cefane. Abin da ya fi dacewa shi ne a inganta ƙugiya da 'yar wuƙa da jakar raga mai tare ɗan itace, a sauya buhu da akwatin roba, sannan a yawaita dashen mangwaro mai aure wanda ba ya tsawo sosai.

4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an fahimci cewa matsalar manomin yankin asarar amfani ce da haɗarin hawa, ba rashin ma'aikata ba. Ingantacciyar ƙugiya tana magance duka biyun da kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. Babi na gaba zai dubi adanawa da kai amfanin kasuwa.